Ramukan USB sun yi kaɗan, ma'ajiya ta cika: hob zai fitar da ni?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar laftof mai araha, Windows 11 ce a kanta. Ramukan USB ɗinta manya guda biyu ne, sai ƙarami ɗaya irin na cajin waya, wato USB-C, da HDMI ɗaya. Ma'ajiyarta GB 64 ce, kullum tana nuna mini ja wai wuri ya ƙare. Ina so in haɗa linzami da kibod da firinta da babbar monita, in kuma samu inda zan riƙa zuba hotuna da bidiyon aiki. An ce in sayi hob mai ramuka takwas, shi ke nan komai ya warware. Gaskiya ne? Wanne zan saya, kuma zan iya zuba manhajoji a kan faifan waje?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ɗaya ce a baki, amma matsaloli biyu ka ƙulle a cikinta. Akwai ƙarancin wurin soka kaya, akwai kuma ƙarancin wurin ajiye fayiloli. Hob yana maganin ta farkon, shi ma da sharaɗi. Ta biyun kuwa babu ruwansa da ita, sau da yawa ma shi ke jawo wa faifan waje ciwon kai. Wanda ya ba ka shawarar bai yi maka ƙarya ba, amma bai tambaye ka abin da ramin USB-C ɗinka ke iya yi ba, alhali a nan gizo ke saƙar.

Abin da hob ke yi da abin da ba ya yi

Hob rabawa yake yi, ba ya ƙirƙirar komai. Kamar mutum ne ya ja bututun ruwa ɗaya zuwa gidansa ya kafa masa famfo takwas: kowa zai samu wurin tara bokiti, amma in aka buɗe su tare, abin da bututun ke kawowa shi za a raba. Abubuwa biyu ke bi ta ramin USB, bayanai da wuta, kuma kowannensu yana da iyaka da aka riga aka yanke masa tun a masana'anta.

Ta fuskar gudu, USB 2.0 da ya fito a shekarar 2000 yana ɗaukar megabit 480 a daƙiƙa a takarda, a aikace kuwa megabait 35 zuwa 40 kake gani in kana kwafar fayil (megabait ɗaya megabit takwas ne). USB 3.0 na 2008 yana ɗaukar gigabit 5, wanda a aikace ke kaiwa wajen megabait 400. Ka ɗauki bidiyo mai nauyin GB 20: a rami na farko sai ka jira kusan minti 10, a na biyu bai kai minti ɗaya ba in faifan mai sauri ne. A 2013 aka ƙara mai gigabit 10.

Sai ƙungiyar USB-IF, mai tsara waɗannan ƙa'idoji, ta rikita masu saye da canje-canjen suna. USB 3.0 ɗin nan shi aka koma kira USB 3.1 Gen 1, daga baya kuma USB 3.2 Gen 1. Abu ɗaya ne, gigabit 5. Don haka in ka ga 3.2 a jikin kwali kada ka ɗauka ya fi 3.0, abin da za ka nema shi ne Gen 1 ne ko Gen 2, ko kuma adadin gigabit ɗin a rubuce. Gen 2 shi ne mai 10.

Akwai abu guda da ke rage damuwa. Hob na USB 3 hob biyu ne a gida ɗaya, na 2.0 da na 3, kowanne da wayoyinsa daban a cikin kebul ɗin. Linzami da kibod da firinta ta hanyar 2.0 suke bi, ba sa taɓa gudun da faifai ke amfani da shi. Masu cin gudun juna su ne manyan: faifai biyu, ko faifai da wayar intanet, ko faifai da kyamara mai USB 3. In kana kwafa daga wannan faifai zuwa wancan kuma duka a hob ɗaya suke, bayanan sai sun shiga kwamfutar sannan su fito, duk ta waya guda.

Fara da sanin ramukanka

Ɗauki tocilan waya ka haska cikin manyan ramukan biyu. Wanda harshensa shuɗi ne, ko aka rubuta SS a gefensa, na USB 3 ne. Launi na iya yaudara domin wasu kamfanoni baƙi suke yin duka, don haka ka duba ƙarafan da ke jikin harshen: na 2.0 huɗu ne kawai, na 3 yana da ƙarin guda biyar, tara ke nan. A laftof masu araha abu ne sananne ka samu ɗaya 3, ɗaya 2.0. Ka san wanne ne wanne, domin tsarin da zan ba ka a kansa ya ginu.

Wannan dubawar da tocila tana aiki a kan hob ɗin ma. Akwai masu arahar da aka buga wa USB 3.0 ɓaro-ɓaro a kwali, in ka leƙa sai ka tarar rami ɗaya ne kaɗai mai ƙarafa tara, sauran ukun 2.0 ne.

Ramin USB-C shi ne babbar magana. An fitar da shi a 2014, kuma siffa ce kawai, ba alkawarin aiki ba. Rami mai wannan siffa na iya ɗaukar bayanai kaɗai, na iya karɓar caji, na iya fitar da hoto zuwa monita, na iya yin duka ukun. Fitar da hoton sai in kamfanin ya ja wayoyi daga sashen hoto na kwamfutar zuwa ramin, tsarin da ake kira DisplayPort Alt Mode. Wannan ƙarin kuɗi ne ga mai ƙerawa, kuma irin wurin da ake tsuke hannu ke nan in ana son kwamfuta ta yi araha. Laftof da yawa na wannan aji USB-C ɗinsu bayanai ne zalla, ba hoto, ba caji.

HDMI ɗin da ke jikin hob mai ramuka takwas ba ya haifar da hoto da kansa. Wanda ramin laftof ya miƙo masa yake juyawa. In ramin bai miƙo komai ba, monita za ta zauna baƙa ƙirin, linzami na aiki, filash na aiki, kai kuma kana zargin hob ɗin ko kebul. Wannan ita ce ƙorafin da aka fi kawo mini, kuma babu direba (manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura) ko saitin da ke gyara ta, tunda wayoyin ne babu su a ciki. Haka ramin caji da ke jikin hob: in laftof ɗin ba ta karɓar caji ta USB-C, za ka soka caja a hob ɗin ta ƙi caji.

Yadda za ka gane: duba gefen ramin. Alamar harafin D mai P a ciki tana nufin yana fitar da hoto. Alamar walƙiya mai kan kibiya ta Thunderbolt ce, wadda galibi ke yin komai, amma da wuya ka same ta a kwamfuta mai GB 64. In babu alama, juya laftof ɗin ka karanta cikakkiyar lambar samfurinta, ka nemi takardar bayaninta a shafin kamfanin, ka karanta layin da ya yi maganar USB-C. In an rubuta "data only" ko "data transfer only", magana ta ƙare. Laftof ɗinka ba ta hannuna, kuma ko samfuri biyu masu suna ɗaya kan bambanta a nan, shi ya sa lambar ce alƙali, ba ni ba.

Amma kai abin ya zo maka da sauƙi, tunda kana da HDMI a jikin kwamfutar. Soka monitarka a nan kai tsaye. Ko da HDMI 1.4 ne, wanda shi aka fi sa wa masu araha, yana ɗaukar 1080p a 60Hz cikin kwanciyar hankali, 4K ne kawai yake tsayawa a 30Hz. Hob masu yawa ma a 30Hz ɗin suke tsayawa, domin layukan gudu huɗu ne a cikin USB-C, in aka bai wa USB 3 biyu, biyu ne suka rage wa hoto. Ka ga ba ka yi asarar komai ba.

In wata rana ka buƙaci monita ta biyu kuma raminka ba ya fitar da hoto, akwai na'urori masu fasahar DisplayLink, waɗanda ke matse hoton su tura shi a matsayin bayanai ta kowane ramin USB 3. Suna aiki, sai dai suna buƙatar direba, kuma injin kwamfutar ne ke ɗaukar nauyin matsewar. Don rubutu da lissafi babu laifi. A ƙaramar kwamfuta mai raunin inji, bidiyo zai riƙa sarƙewa.

Wuta ita ce ke kashe faifai

Mutane gudu suke tambaya, ni kuwa wuta na fi tsoro. Ramin USB 2.0 a ƙa'ida yana ba da miliamfa 500 a bolt 5, wato wat 2.5. Na USB 3 yana ba da 900, wat 4.5. USB-C na iya kaiwa wat 7.5 ko 15, in an gina shi haka. Hob marar cajarsa daga cikin wannan ɗan abin yake ci da kansa, sannan ya raba saura. A ƙa'ida ma abin da irin wannan hob ya yi wa kowane rami alkawari miliamfa 100 ne a 2.0, 150 a USB 3. Duk abin da ya wuce haka alfarma ce.

Linzami da kibod wannan ya ishe su. Firinta tana da wutarta daga bango. Amma faifai mai juyi na inci 2.5, irin na aljihun nan, lokacin da motarsa ke tashi yakan ja kusan amfa ɗaya. Ka sa shi a hob marar caja tare da wasu kaya, ka kara kunnenka a jikinsa: za ka ji motar ta fara wuiii, sai ƙas, ta mutu, ta sake tashi, ƙas. Fitilarsa na ƙiftawa, Windows na yin ƙarar shigowa da ta fita a jere. Sau da yawa akan kawo mini irin wannan faifai wai ya lalace, in cire shi daga hob in soka a jikin kwamfuta ya tashi lafiya lau. Wanda ya fi muni shi ne wanda ke tashi daidai, sai ana tsakiyar kwafa mutum ya soka waya don caji a hob ɗin, wuta ta faɗi na ƙiftawar ido, faifan ya fice. Fayil ɗin da ake rubutawa ya tafi, wani lokaci har da teburin da ke nuna inda sauran fayiloli suke, sai ka ga Windows na cewa a yi wa faifan fomat.

SSD, wato faifan da ke ajiya a ƙwayoyin lantarki ba tare da juyi ba, ba shi da mota, amma kada a ɗauka ba ya cin wuta. Nau'insa mai sauri da ake kira NVMe a cikin gidan USB yakan ja wat da dama in yana rubutu, ya kuma yi zafi. Babban faifai na inci 3.5 kuwa bolt 12 yake buƙata, don haka da cajarsa yake zuwa.

Saboda haka, in dai faifai zai zauna a kan hob, to hob ɗin ya zama mai cajar kansa. Nan ma a duba cajar: mai bolt 5 amfa 2 wat 10 ce kacal, ba za ta riƙe ramuka bakwai cike da kaya ba. Kuma a guji marasa suna, domin wasunsu suna mayar da wuta baya zuwa cikin laftof. Alamar ita ce ka kashe kwamfuta amma wata fitila ko fanka ta ƙi mutuwa sai ka zare hob. In ka ga haka, raba shi da kwamfutarka.

Hob na USB-C mai wucewar caji yana da nasa hali. Yakan riƙe wani kaso na wutar don kansa, galibi wat 10 zuwa 15, shi ya sa ake rubuta 100 na shiga 85 na fita. In cajarka wat 45 ce, abin da zai isa laftof na iya gaza mata, ta riƙa caji a hankali. Sannan a yawancinsu, in ka zare cajar daga hob, ko aka ɗauke wuta, duk kayan da ke kai sukan fice su dawo yayin da hob ɗin ke komawa kan wutar laftof. Linzami bai damu ba. Faifan da ke rubutu ya damu.

Kebul ma yana da nasa rabon. Yawancin wayoyin USB-C da ke zuwa da wayar hannu na caji ne, gudunsu na 2.0. Ka haɗa SSD mai tsada da irinsu, ka ga megabait 40, ka ce an cuce ka. Yi amfani da gajeren kebul ɗin da ya zo da faifan.

Kafin ka sayi faifan waje, leƙa ciki

GB 64 kusan kullum eMMC ce, wato ƙwayar ajiya irin ta wayar hannu da aka liƙe da dalma a jikin fanel. Ba a cire ta, ba a ƙara ta. Kuma GB 64 shi ne mafi ƙarancin abin da Microsoft ta gindaya wa Windows 11 da ta fito a 2021, don haka kwamfutarka a bakin iyaka aka haife ta. Windows da sabuntawarta da wurin da take keɓe wa kanta sukan cinye wajen rabi kafin ka ajiye hoto ɗaya. Don ka tabbatar, buɗe Device Manager ka duba ƙarƙashin Disk drives. In ka ga MMC a cikin sunan, ita ce.

Abin da masu irin wannan kwamfuta da yawa ba su sani ba shi ne, wasu samfuran suna da ramin M.2 a ciki, wato gurbin soka siririn SSD mai kama da sanda, wanda babu komai a kansa, wasu tsofaffin kuma suna da gurbin faifai na inci 2.5. Kamfani kan yi fanel ɗaya don mai tsada da mai araha, sai ya bar gurbin fayau a mai arahar. Wasu har da 'yar ƙofa a ƙasa mai noti ɗaya ko biyu. In taka tana da shi, wannan ita ce amsar tambayarka ta biyu, kuma ta fi kowane faifan waje: babu waya mai lilo, babu ficewa, ga sauri. Ka sa SSD, ka mayar da Windows kansa, kwamfutar za ta zama kamar ba ita ba. Lasisin Windows yana ɗaure da fanel ɗin, yakan dawo da kansa in ka sake ɗora irin wadda ta zo da ita ka hau intanet.

Abin lura biyu. Ramin M.2 na iya zama na SSD nau'in SATA kaɗai ko na NVMe kaɗai, kuma sandar SSD na iya shiga daram amma kwamfuta ta ƙi ganinsa in ba irinsa ba ne. Akwai kuma tsawo: 2280 shi ne gama-gari, milimita 22 a faɗi 80 a tsawo, amma ƙananan laftof kan ɗauki 2242 kawai. Takardar bayanin nan dai ita za ta faɗa maka. In da sauran garanti a kan kwamfutar, karanta sharuɗɗansa kafin a kwance noti, kuma in ba ka saba ba ka bar wa mai gyara, don maƙallan roba na murfin ƙasa ba sa jure gaggawa.

In babu gurbi a ciki

To sai waje, kuma zaɓi huɗu ne, ba kuwa daidai suke ba.

Filash na ɗaukar fayil ne daga nan zuwa can. Ba wurin zama ba ne. Yawancinsu suna da saurin karantawa amma rubutunsu na tafiyar hawainiya ne, musamman in ƙananan fayiloli ne masu yawa, kuma sukan mutu ba sallama. Katin memori, in laftof ɗin na da raminsa, yana da fa'ida ɗaya babba: yana shigewa ciki ya zauna, ba ya cin ramin USB. Don takardu da waƙoƙi da hotuna ya wadatar. Iyakar gudun kati na ajin UHS-I megabait 104 ne, kuma na'urar karantawa a kwamfuta mai araha sau da yawa ba ta kai ko rabin haka. Jabu sun yi yawa a filash da memori: a rubuta GB 512, cikinsa 32 ne, yana karɓar fayiloli yana taka na baya ba ka sani ba. Duk wanda ka saya, gwada shi da manhajar H2testw kafin ka amince masa. Tana cika shi taf sannan ta karanta ta gaya maka gaskiyarsa.

Faifai mai juyi shi ya fi ba da wuri mai yawa a kuɗi kaɗan. Gudunsa wajen megabait 100 zuwa 130 ne. Rauninsa faɗuwa: in ya zamo daga tebur yana juyi, sai dai a yi haƙuri. Ya dace da ajiyar da ke zaune wuri ɗaya.

Don aikin yau da kullum, musamman bidiyon da ka ambata, SSD na waje nake ba da shawara. Ko ka sayi haɗaɗɗe, ko ka sayi SSD daban da gidansa daban ka haɗa da kanka. Ni na fi son na biyun, domin in gidan ya lalace ka canza shi bayananka na nan, in kuma ka sayi wata kwamfutar gaba kana iya zare shi ka sa a ciki. Ka tabbata gidan na goyon bayan UASP, tsarin da ke barin umarni da yawa su tafi a tare. Kada kuma ka kashe kuɗi a kan mai gigabit 20 ko 40. Raminka mai yiwuwa 5 ne, kuma SSD na SATA mai megabait 550 ya riga ya fi ƙarfin ramin. In ka sayi TB 1 ka ga Windows ta nuna GB 931, ba a rage maka komai ba, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙirga da 1000 da masu ƙirga da 1024.

Wajen fomat, in da Windows kaɗai za ka yi amfani da shi, yi masa NTFS. Yana ajiye rajistar abin da yake shirin rubutawa, don haka ya fi jure ficewar ba-zata. exFAT na wanda ke yawo tsakanin Windows da Mac ne, amma ba shi da wannan rajista. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai GB 4, bai dace da mai bidiyo ba.

Zuba manhajoji a faifan waje

Ana iyawa, amma ba kowace ba. Abu na farko, shiga Disk Management ka ba faifan harafi na dindindin daga can ƙarshe, kamar S ko X. In ka bar shi a D, ranar da ka riga soka filash sai filash ɗin ya karɓe harafin, manhajojinka su nemi gidansu su rasa. Bayan haka, a Settings, ƙarƙashin System da Storage, akwai wurin zaɓar inda sababbin abubuwa za su riƙa sauka. Mayar da hotuna da bidiyo da takardu can. Manhajojin Microsoft Store da yawa suna da maɓallin Move. Wasanni ma, Steam na barin ka buɗe musu wuri a wani faifai.

Manyan manhajoji kuwa, ko ka nuna musu faifan waje, sukan zuba wani sashe nasu a C. Abin da kake buɗewa kullum, da riga-kafin bairos, da direbobi, bar su a ciki. Kada ka kwashe babbar foldar Users gaba ɗaya zuwa waje, kada kuma ka mayar da fayil ɗin da Windows ke faɗaɗa RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta) da shi can. Ranar da waya ta motsa, kwamfutar ce za ta tsaya cak. Kaya masu nauyi su fita, injin gidan ya zauna.

A cikin C ɗin ma akwai abin sharewa. Kunna Storage Sense, ka share fayilolin wucin gadi da ragowar tsohuwar sabuntawa. In ba ka amfani da Hibernate, wato barcin da ke ajiye aikinka a faifai kafin kwamfuta ta mutu, kashe shi na dawo maka da GB ɗaya da wani abu a kwamfuta mai RAM GB 4. Foldar Downloads ma a leƙa ta.

Tun daga Windows 10 ta 1809, tsarin da faifan waje ke zuwa a kai shi ne na saurin cirewa, amma duk da haka ka riƙa danna Eject, domin ba kullum kake ganin abin da ke rubutu a ɓoye ba. In kuma faifan na ɓacewa bayan kwamfuta ta yi barci, shiga Device Manager, ƙarƙashin Universal Serial Bus controllers, ka cire alamar da ke ba Windows izinin kashe hob don tanadin batir. Sannan fayil ɗin da ka kwashe daga C ka kai SSD har yanzu kwafi ɗaya ne. Abin da ba za ka jure rasawa ba, ya zama yana wuri biyu.

Yadda zan tsara ta in tawa ce

Monita a HDMI na jikin laftof. SSD shi kaɗai a rami mafi sauri, USB-C ɗin ko babban mai shuɗin harshe, babu hob a tsakani. Sai ƙaramin hob mai ramuka huɗu a ɗaya babban ramin, ya ɗauki linzami da kibod da firinta, rami ɗaya ya rage na filash. Waɗannan ko hob na 2.0 ya ishe su, har ma yana da wata fa'ida: USB 3 na fitar da hayaniyar rediyo a kusa da 2.4GHz, abin da Intel ta yi bayaninsa tun 2012, kuma a nan linzami marar waya ke magana. In ka ga kibiya na tsalle duk lokacin da faifai ke aiki, nisanta ɗan abin linzamin da ake sokawa a USB daga faifan da kebul ɗinsa. Da wannan tsari rami ɗaya zai rage maka a jikin kwamfutar.

Zaɓi hob mai 'yar doguwar waya da zai kwanta a tebur. Mai gajeriyar wayar da ke rataye da kaya a jikinsa yana jan ramin ƙasa, kuma a yawancin waɗannan kwamfutoci ramin a jikin fanel yake, gyaransa aikin dalma ne. Hob a nan yana yi maka wani amfani: babban ramin USB an gina shi ne don sokawa da zarewa kusan 1,500 a ƙa'ida, USB-C 10,000, to gara yawan sa filash da cirewa ya ƙare a kan hob.

Mai ramuka takwas ɗin sai in takarda ta tabbatar USB-C ɗinka na fitar da hoto yana kuma karɓar caji, kana kuma son waya ɗaya tak za ka riƙa zarewa in za ka fita, ko kana buƙatar ramin wayar intanet. Ko a haka, ba zai ƙara wa kwamfutar RAM ko ƙarfin inji ba. In gyaran bidiyo mai nauyi ne aikin, nan za ka ci karo da bango, ba a ramuka ba.

Duk wanda ka saya, gwada shi tun ana iya mayarwa. Soka duk kayanka a lokaci guda, kwafi fayil mai GB 10 ko fiye kana kallon gudun, taɓa wayar a hankali ka ga ko wani abu zai fice, rufe murfin laftof ta yi barci sannan ka tashe ta ka ƙirga ko kowa ya dawo. In ka turo mini cikakkiyar lambar samfurin da ke ƙasan kwamfutar, sai mu duba maganar USB-C ɗin da ta gurbin M.2 tare.